Boeing daga kasuwar katako zuwa 737 MAX: a ina aka kauce hanya?

Abban Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ake yawan maimaitawa duk sanda aka ambaci Boeing: wai kamfanin lafiyarsa lau har 1997, lokacin da ya haɗe da abokin takararsa mai ƙera jirage, McDonnell Douglas, daga nan akantoci suka ƙwace ragama daga hannun injiniyoyi, komai ya taɓarɓare. Ni kam ban gamsu ba, shi ya sa na kawo ta nan masana cikinmu su warware.

Ga dalilina. William Boeing ɗan kasuwar katako ne a Seattle, ɗan wani Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa Amurka ya yi arziki. Ya shiga jami'ar Yale bai gama ba. A 1916 shi da abokinsa Conrad Westervelt, jami'in sojan ruwa, suka ƙera jirginsu na farko mai sauka a kan ruwa, na katako da yadi da waya. A Yulin shekarar ya yi wa kamfanin rajista, a 1917 ya sa masa sunansa. Injiniyan da ya zana musu jirgin da ya fara kawo kuɗi ɗan ƙasar Sin ne, Wong Tsu, sojan ruwan Amurka suka sayi guda 50. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare ciniki ya tsaya cak, har kamfanin ya koma yin kayan ɗaki da jiragen ruwa don kada ma'aikata su watse. To kamfanin da ɗan kasuwa ya kafa, yaushe ya zama na injiniyoyi zalla har za a ce an ƙwace musu?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Ni ku gama tarihinku ku faɗa mini abu ɗaya: in na ga MAX, jirgin nan na Boeing da ya faɗi har sau biyu, a tikitina in hau ko in canza? Ta Addis Ababa nake bi zuwa sarin kaya.

Baba Injiniya:
Hajiya, za a zo kanki, yi haƙuri.

Abban Hanan, ɗana, ka ma rage abin da zai ƙarfafa maganarka. Mutumin da ya ɗaga Boeing ya kai shi inda duniya ta san shi lauya ne, Bill Allen, wanda ya karɓi shugabanci a 1945. Amma ka dubi abin da lauyan ya yi da kuɗin. A 1952 ya shawo kan daraktoci suka zuba dala miliyan 16 na aljihun kamfani a kan jirgin gwaji mai injin jet, alhali babu ko mutum ɗaya da ya ce zai saya. Wannan jirgin, da suke kira Dash 80, ya tashi a 15 ga Yuli 1954. Daga cikinsa 707 ya fito, da kuma jirgin ba da mai a sararin sama na soja, KC-135.

A lokacin kamfanin Douglas ne sarkin ƙera jiragen fasinja, Boeing ɗan kwangilar soja ne kawai a idon kamfanonin sufuri. Ingila ma ta riga kowa da jirgin fasinja mai injin jet, Comet, a 1952, sai jiragen suka riƙa tsagewa a sama a 1954 saboda gajiyar ƙarfen jikinsu, aka dakatar da su. Cikin wannan tsoron ne matuƙin gwajin Boeing, Tex Johnston, ya mirgina Dash 80 a sama, ciki ya koma sama baya ya koma ƙasa, a kan tafkin Washington a gaban manyan masu kamfanonin jirage a 1955. Allen ya kira shi ya tambaye shi me yake yi, ya ce jirgi yake sayarwa. Ba a kore shi ba.

Don haka ni ban damu da takardar shaidar da shugaba yake riƙe da ita ba. Abin da nake tambaya, in injiniya ya ce masa abu kaza ba zai yiwu ba sai an ƙara shekara biyu, me yake yi?

Abban Hanan:
Allah ya ƙara girma, Baba. Amma son kuɗin ma tsoho ne a gidan. A 1933 sun fito da 247, jirgin da ya fi na kowa a lokacin. Kamfanin sufurin sama na TWA ta zo saye aka ce ta jira sai an gama wa kishiyarta United guda 60, domin United da Boeing da masu injin Pratt & Whitney duk ƙarƙashin uwa ɗaya suke. TWA ta yi fushi ta tafi wurin Douglas, aka yi mata DC-1, ya haifi DC-2, ya haifi DC-3, Boeing ya rasa kasuwar fasinja ta shekara ashirin da wani abu. A 1934 majalisar dokokin Amurka ta haramta wa mai ƙera jirgi ya mallaki kamfanin sufuri, aka raba gidan uku, William Boeing ya ji haushi ya sayar da hannun jarinsa ya koma kiwon dawaki. Babu McDonnell a nan.

Sarkin Lissafi:
Tunda mu ake zagi bari in shigo. Kuna yabon cacar da ta ci, ba ku ambaton wadda ta kusa kashe kamfanin. A 1966 Juan Trippe na Pan Am ya yi odar 747 guda 25 a kan dala miliyan 525, jirgin yana kan takarda. Sai da aka sare daji a Everett aka gina masa masana'anta tun daga tushe. Babban injiniyan jirgin, Joe Sutter, da mutanensa sun yi aikin da ya cancanci yabo, jirgi ya tashi a 9 ga Fabrairu 1969, ya fara ɗaukar fasinja daga New York zuwa Landan a Janairun 1970. Amma injinan suna ta ba da matsala, jirage jere a fili an rataya musu bulon siminti a gurbin inji. Bashin bankuna ya haura dala biliyan ɗaya. Tattalin arziki ya karye, majalisa ta soke kuɗin jirgin da ya fi sauti gudu a 1971. Ma'aikata daga sama da 100,000 suka koma ƙasa da 40,000. Har wasu dillalan gidaje suka kafa allo a bakin hanya suna roƙon wanda zai bar Seattle a ƙarshe ya kashe fitilu.

Mutum dubu sittin sun rasa abinci saboda jarumtar shugabanni. In wani ya zo daga baya ya ce kada a sake irin wannan, ba mahaukaci ba ne.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaida ku daga Nijar. Ni abin da ban ji kun taɓa ba shi ne gwamnati. Ana ta cewa Airbus ɗan gatan gwamnatocin Turai ne, Boeing kuwa da guminsa ya tashi. Wane gumi? Jirgin jefa bam na B-17 sama da 12,000 aka ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu. B-29 da ya jefa bam a Hiroshima zanen Boeing ne. Fiffiken nan mai karkata baya da kusan kowane jirgin jet yake da shi yau, injiniyansu George Schairer ya ga sakamakon bincikensa a Jamus a 1945 yana cikin tawagar da ta bi sojoji, ya rubuto wa Seattle, aka sa shi a B-47 da B-52 da kuɗin soja, sannan 707 ya gada. Ƙarar da Amurka da Tarayyar Turai suka kai juna a Hukumar Kasuwanci ta Duniya tun 2004, shekara 17 aka yi ana ta, hukuncin ya nuna kowa ya ci tallafin da bai halatta ba, a 2021 suka yi sulhu. Mu da muka saba da Air Afrique mun hau DC-10 mun hau A300, ba mu da dangi a cikinsu.

Baba Injiniya:
Gaskiyarka, mutumin Maraɗi. Wannan ba na musu a kai.

Sarkin Lissafi, ka ƙarasa lissafin mana. 747 ɗin da ya kusa kashe su, shi ya ciyar da su shekara talatin babu abokin takara. An ƙera 1,574, na ƙarshe aka miƙa wa Atlas Air a 31 ga Janairu 2023. Kuma dubi yadda Sutter ya yi tunani. Kowa a lokacin yana zaton jirage masu gudun fiye da sauti za su kwashe fasinja nan da ɗan lokaci, don haka aka ɗora ɗakin matuƙa a sama domin a iya buɗe hancin jirgin a loda kaya in fasinja sun gudu. Asalin tozon ke nan. Wannan tozon ne alhazanmu suka sani. Kabo Air na marigayi Alhaji Ɗan Kabo da shi ya yi jigila, Max Air ma haka, jirgi ɗaya ya kwashe mutum ɗari biyar ko kusa. Jiragen da manyan kamfanoni suka gama yayinsu da su ne, amma ƙashinsu yana da ƙwari har suka yi mana aiki shekaru.

Ɗalibar Zariya:
Baba, ina wuni. Ni ɗaliba ce, ina koyon tuƙi, don haka a gafarce ni in na yi shisshigi cikin manya. Akwai abin da malamanmu suke ba mu labari tun makon farko. A 30 ga Oktoba 1935 jirgin gwajin da ya zama B-17 ya faɗi a gaban hafsoshin soja a Ohio, saboda an manta ba a cire makullin da ke riƙe da wutsiya ba kafin tashi. Ƙwararrun matuƙa ne, ba 'yan koyo ba. Wasu suka ce jirgin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Maimakon a jefar da shi, sai matuƙan suka rubuta jerin abubuwan da za a duba ɗaya bayan ɗaya kafin tashi da kafin sauka. Har yau da shi muke aiki. Abin da ya ba ni takaici a MAX shi ne kamfanin da wannan darasi ya faru a kan jirginsa, shi ne ya sa wa jirgi wata na'ura mai iya danna hancinsa ƙasa, bai rubuta ta a littafin matuƙa ba.

Abban Hanan:
To mu zo kan 1997 ɗin. Baba, me ya canza takamaimai?

Baba Injiniya:
McDonnell Douglas ya zo a gajiye. Tun da McDonnell, mai jiragen yaƙi, ya haɗiye Douglas a 1967, ba su sake zana sabon jirgin fasinja daga tushe ba bayan DC-10. DC-9 suka yi ta ja suna miƙewa ya zama MD-80, DC-10 aka yi wa kwaskwarima ya zama MD-11. DC-10 na ƙarshe da suka ƙera ma Nigeria Airways aka miƙa wa a 1989. Da Boeing ya saye su a kan kusan dala biliyan 13, sai ya zamana manyan masu hannun jari na ɗaiɗaiku a sabon kamfanin mutanen McDonnell ne, kuma Harry Stonecipher, shugabansu, ya zama na biyu a gidan, daga baya na ɗaya. Shi ya sa mutanen Seattle suke ba'a cewa McDonnell ne ya sayi Boeing da kuɗin Boeing. Stonecipher da bakinsa ya ce da gangan ya canza al'adar gidan, don a tafiyar da shi kamar kasuwanci ba kamar babban kamfanin injiniyoyi ba.

Sai ka jera abin da ya biyo baya. A 2001 aka ɗauke hedikwata daga Seattle aka kai Chicago, nesa da inda ake ɗaure noti. A 2005 aka sayar da masana'antar Wichita mai yin gangar jikin 737, ta zama Spirit AeroSystems. Shekarar nan Jim McNerney ya zo ya zama shugaba, tarbiyyar General Electric kamar Stonecipher. Aka ce 787 za a raba shi ga 'yan kwangila a Japan da Italiya da sauran wurare, har da zanen sassan, Boeing ya harhaɗa kawai. Sassa suka riƙa zuwa ba su dace da juna ba, jirgin ya makara shekara uku, aka miƙa na farko a 2011, a Janairun 2013 aka dakatar da su duka saboda batura suna kama wuta. Ka kwatanta da 777 da Alan Mulally ya jagoranta kafin haɗewar: an zauna da kamfanonin sufuri takwas aka zana shi tare, ya tashi a Yunin 1994, United ta karɓa a 1995 a kan lokaci.

Sarkin Lissafi:
777 ɗin ya ci kuɗi fiye da kasafinsa nesa ba kusa ba, Baba. Shi ne ma dalilin da daraktoci suka ce ba za a sake ba.

Baba Injiniya:
Ya ci, kuma ya mayar ninkin-ba-ninkin. 787 da aka ce za a yi da araha shi ya fi cin kuɗin. Kuma tsakanin 2013 da 2019 sun kashe sama da dala biliyan 40 wajen sayen hannun jarin kansu don farashinsa ya hau. Kuɗin da zai gina sabon jirgi har biyu.

Abban Hanan:
Na ji. Amma kada mu wanke tsohon Boeing tas. A 1985 jirgin Japan Airlines, 747, ya faɗi, mutum 520 suka rasu, haɗarin jirgi ɗaya mafi muni a tarihi. Musabbabin gyaran da ma'aikatan Boeing suka yi wa bangon bayan jirgin ne a 1978, ba yadda littafi ya ce ba. A 1991 da 1994 jiragen 737 biyu suka faɗi a Amurka, a Colorado Springs da kusa da Pittsburgh, saboda wani bawul da ke juya wutsiya akasin yadda matuƙi ya taka, kuma an daɗe ana jan maganar wajen ɗora wa matuƙa. Duk kafin 1997.

Baba Injiniya:
Haka ne. Sai dai na Japan, cikin wata guda Boeing ya fito ya ce gyaransa ne bai yi daidai ba. Ka ajiye wannan kusa da abin da aka yi bayan faɗuwar jirgin MAX na Lion Air a 2018.

Ɗan Maraɗi:
Ni ina so mu rarrabe abu biyu, don a ƙasashenmu da jirgi ya faɗi sai a zagi sunan da ke jikinsa. Na Kano a 22 ga Janairu 1973, 707 ne na kamfanin Jodan da aka yi haya, ya ɗauko alhazai daga Jidda, aka karkato shi daga Legas saboda yanayi, mutum 176 suka rasu wajen sauka. Na Jidda a Yulin 1991, DC-8 ne na wani kamfani daga Kanada, zai kawo alhazai Sakkwato, mutum 261, Allah ya jiƙansu. Bincike ya nuna tayoyi ne ba su da isasshiyar iska, an sani aka tashi a haka don kada a makara, suka fashe suka kama wuta aka naɗe su cikin jirgi. Na kamfanin Faransa UTA da ya tarwatse a saman Tenere a 1989 kuwa bam ne. Ko ɗaya ba laifin masana'anta ba ne. Na MAX daban yake.

Hajiya Mai Atamfa:
Amin. To ai shi nake jira a yi mini bayani. Me ya same shi?

Ɗalibar Zariya:
Hajiya, bari in gwada, Baba ya gyara mini. 737 ya fara tashi a Afrilun 1967. An yi shi gajere, cikinsa kusa da ƙasa, saboda ƙananan filayen da ba su da kayan lodi, ma'aikaci ya iya jefa jaka da hannu. Injinan lokacin sirara ne, suna shiga ƙarƙashin fiffike. A Disambar 2010 Airbus ya sanar da A320neo da sababbin injina masu faɗin baki da ke rage shan mai sosai. A320 dama dogo ne, zanen shekarun 1980, injin ya shiga ba wahala. Boeing yana cikin shawarar ya zana sabon jirgi gaba ɗaya, sai a Yulin 2011 American Airlines, wadda ta daɗe ba ta sayen na kowa sai nasu, ta yi odar jirage 260 daga Airbus. Cikin gaggawa suka ce za su sa wa 737 sabon inji.

Kamar ka ɗauki tsohuwar fijo ka ce sai ka cusa mata injin babbar mota: wuri bai isa ba, dole ka matsar da shi. Suka tura injin gaba suka ɗaga shi sama. Wannan ya sa in jirgin ya ɗaga hanci da yawa, yana son ya ƙara ɗagawa. Sai suka rubuta manhaja mai suna MCAS da za ta juya ƙaramin fiffiken wutsiya ta danna hancin ƙasa da kanta. Jirgin yana da na'ura biyu masu auna yadda iska ke bugun hancinsa, amma manhajar ɗaya kawai take saurare. Ana cikin gwaji aka ƙara mata ƙarfi kusan ninki huɗu, kuma in matuƙi ya mayar da hancin sama, bayan daƙiƙa biyar ta sake dannawa.

Dalilin ɓoye ta shi ne an yi wa kamfanonin sufuri alkawari cewa matuƙin tsohon 737 zai hau MAX ba tare da ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙi ba. An ma yi wa Southwest alkawarin ragin dala miliyan ɗaya a kan kowane jirgi in horon ya zama dole. A 29 ga Oktoba 2018 na Lion Air ya faɗa teku bayan tashi daga Jakarta, mutum 189. A 10 ga Maris 2019 na Ethiopian ya faɗi kusa da Bishoftu minti shida bayan tashi, mutum 157, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua.

Sarkin Lissafi:
Ƙanwata, ki faɗi ɗaya ɓangaren. Na'urar da aka sa wa jirgin Lion Air gyararriya ce da ba a saita ta daidai ba, kuma jirgin ya yi wannan matsalar a tafiyar da ta gabata aka sake tashinsa. Na Habasha kuma masu binciken Amurka da na Faransa sun ce an bar injin a kan cikakken ƙarfi har gudu ya wuce ƙa'ida.

Ɗalibar Zariya:
Duk an faɗa, Yaya. Amma matuƙan Habasha sun kashe makunnan da Boeing ya ce a kashe bayan haɗarin farko, sai suka tarar ba za su iya juya wutsiyar da hannu ba saboda ƙarfin iska. Ga ƙararrawa iri-iri suna kuka lokaci guda, sandar tuƙi tana kakkarwa, ƙasa tana kusa. Zanen ya ɗauka matuƙi zai gane matsalar ya ɗauki mataki cikin 'yan daƙiƙu. Kyaftin Sullenberger, wanda ya saukar da jirgi a kogin Hudson, ya gwada yanayin a na'urar kwaikwayo ya shaida wa majalisar Amurka cewa ko da ya san abin da zai faru, ya ga yadda lokaci zai iya ƙure wa matuƙa. Kuma Ethiopian ba baƙon Boeing ba ne. Tun 1962 suke tuƙa jet ɗinsa, su ne na farko a Afirka da suka karɓi 787 a 2012.

Baba Injiniya:
Yarinyar nan ba ta bar mini abin gyara ba. Abin da ya fi ƙona mini rai watanni huɗu da 'yan kwanakin da ke tsakanin haɗarin biyu ne. Sun san abin da ya faru a Jakarta, suka fitar da takardar tunatarwa, suka bar jirage suna tashi, aka bar duniya tana raɗa cewa matuƙan ƙasashe matalauta ne ba su iya ba. Bayan na biyu ma Sin ce ta fara dakatar da jirgin washegari, hukumar jiragen saman Amurka, FAA, sai 13 ga Maris, bayan kusan kowa ya riga ta. Kuma ita FAA ɗin ta daɗe da miƙa wa ma'aikatan Boeing yawancin aikin duba jirgin Boeing.

Abban Hanan:
To ni a nan nake ganin bakin zaren, kuma ba 1997 ba ne, 2011 ne. Allen ya yi caca a kan ƙera sabon abu, sau biyu, 707 da 747. Waɗannan sun yi caca a kan ƙin ƙerawa. Kuma ainihin halin McDonnell Douglas ke nan da Baba ya bayyana, jan tsohon jirgi har sai ya tsinke.

Sarkin Lissafi:
Da sun tsaya zana sabo, Airbus zai yi shekara biyar ko fiye yana cin kasuwa shi kaɗai. Kuma masu sayen ne suka ce ba sa son sabon horo. Air Peace ma a Satumbar 2018 ta sa hannu kan MAX guda 10. Kowa araha yake so.

Baba Injiniya:
Sai ga shi sun yi wata 20 jirgin yana ƙasa, sun kori shugabansu Dennis Muilenburg a Disambar 2019, sun amince da biyan dala biliyan 2.5 a 2021 don kauce wa shari'ar zamba, ciki har da diyyar kamfanoni. Airbus ya ci kasuwar duk da haka. A 5 ga Janairu 2024 kuma murfin ƙofa ya fice daga sabon MAX 9 na Alaska Airlines a sama, aka gano notuna huɗu da ke riƙe da shi ba a mayar ba bayan wani gyara a masana'anta. Gangar jikin daga ina ta fito? Wichita, wurin da suka sayar a 2005. Bayan wannan suka sanar za su sake sayen Spirit ɗin. Kai da kake lissafi, buga mana ribar.

Hajiya Mai Atamfa:
Kun ƙara tsorata ni. In hau ko kada in hau?

Ɗalibar Zariya:
Hajiya, MCAS ɗin yanzu yana kwatanta na'urorin biyu, in sun saɓa ya kashe kansa. Sau ɗaya yake dannawa, kuma ba ya fin ƙarfin hannun matuƙi. Horon na'urar kwaikwayo ya zama wajibi. Hukumomin Turai da Kanada da Brazil sun yi nasu binciken daban kafin su sake shi. Ethiopian da kanta, wadda ta fi kowa dalilin ƙin sa, sai Fabrairun 2022 ta mayar da shi aiki, kusan ƙarshen kowa. Ni zan hau. Abin da nake dubawa kafin sunan jirgi shi ne kamfanin da ke kula da shi.

Ɗan Maraɗi:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Kelly Ortberg da suka naɗa shugaba a Agustan 2024 injiniya ne, kuma a Seattle ya zauna. Amma 777X ya yi tashin gwaji a Janairun 2020, shekara biyar bayan nan bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Sin kuma ta fara jigila da C919 nata a 2023. Ba za mu wayi gari mu ga na uku ya shiga tsakaninsu ba? Ƙasashenmu suna ciniki mai yawa da Sin yanzu.

Baba Injiniya:
Airbus an kafa shi a 1970, sai 2003 ya fara miƙa jirage fiye da Boeing a shekara guda. Shekara talatin da uku, da gwamnatoci huɗu a bayansa, kuma sai da ya ba Eastern Air Lines aron A300 huɗu kyauta a 1977 kafin Amurkawa su yarda su saya. Ƙera jirgin ba shi ne mai wuya ba, mai wuya shi ne jirginka ya lalace a Yamai ko Kano da daddare a kawo maka kayan gyara kafin gobe. Kuma ka leƙa ƙarƙashin fiffiken C919 ka gani. Injinsa LEAP ne na CFM, haɗin gwiwar General Electric ta Amurka da Safran ta Faransa, dangin wanda ke jikin MAX da yawancin A320neo. Duk ranar da Washington ta hana fitar da shi, aikin ya tsaya har sai injin da Sin take ƙerawa na kanta ya samu takardar amincewa.